Sitiyari Linzamin Mota Ne: Sauƙinsa Da Haɗarinsa

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa hawan doki ya san cewa linzami aiki biyu yake yi. Da shi mahayi yake nuna wa doki inda zai nufa, kuma ta cikinsa ne yake jin halin da dokin yake ciki, ko ya gaji, ko ya firgita, ko kuwa ƙafarsa ta soma zamewa. Haka sha'anin sitiyarin mota yake, sai dai da yawa daga cikin direbobinmu aikin farko kaɗai suka sani.

Aiki na biyun, watau yadda hanya take yi wa hannun direba magana, shi ne abin da masu ƙera motocin gudu a Turai da Japan suka shafe shekaru suna gardama a kansa. Motocin gudu kuwa su ne ƙananan motocin nan gajeru, galibi masu kujera biyu, waɗanda aka ƙera domin gudu da shan kwana. Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan mutumin Kiyako, a Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, da gardamar masu kuɗi a kan motar da ba ta ɗaukar ko buhu ɗaya? Amsar ita ce, abin da su suke nema domin nishaɗi, shi ne yake tsare ran fasinja a kan hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram.

Zamanin Fijo

Tsofaffin direbobin wannan yanki sun koyi tuƙi ne a motocin da ba su da wata na'ura mai taimaka wa hannu. A cikin 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma Fijo 404 da 504 suka cika tashoshinmu, tun daga Kano, a bi ta Wudil da Kwanar Huguma, har zuwa Birnin Kudu. Galibin waɗannan motoci ƙarfin damtse ne yake juya su. Domin a rage wa direba wahala, sai aka yi musu sitiyari mai faɗi, aka kuma tsara shi yadda sai an murɗa shi zagaye da yawa kafin taya ta kai ƙarshen juyawarta.

Fitar da irin wannan mota daga cikin tasha aiki ne na zufa, balle in an yi mata lodi. Amma da zarar ta hau hanya, babu abin da yake ɓuya ga direba. Tsakuwa, da gargada, da yashin da iska ta kwaso ta zuba a kan kwalta, duk yana jin su a tafin hannunsa. Ita dai 504 ɗin nan ba baƙuwar tsere ba ce: ita ce ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya a cikin 1975, kana wata ƙirarta mai ƙofa biyu ta sake lashe shi a cikin 1978.

Yadda Hanya Take Magana

Abin da ya haɗa mota da ƙasa bai wuce wurare huɗu ba, kowanne kamar faɗin tafin hannu, watau inda tayoyi suke taka hanya. Idan direba ya murɗa sitiyari a kwana, robar tayar gaba takan ɗan murɗe, tana neman ta koma ta miƙe. Bugu da ƙari, an dasa ƙafar gaban mota a ɗan kishingiɗe domin ta riƙa komawa tsakiya da kanta, shi ya sa in an fita daga kwana aka sassauta hannu sai sitiyari ya warware. Wannan ƙarfi na neman komawa shi yake bi ta ƙarafan da suka haɗa taya da sitiyari, ya iso hannun direba a matsayin nauyi.

Muddin taya tana riƙe da ƙasa, nauyin yakan ƙaru gwargwadon yadda aka matsa wa mota a kwana. Amma idan taya ta kusa sakin ƙasa, nauyin yakan fara raguwa tun kafin motar ta zame. Sitiyari sai ya yi sakayau a hannu. Wannan shi ne gargaɗin da ƙwararren direba yake ji, ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali tun ido bai ga komai ba. Wanda bai san wannan magana ba kuwa, sai ya ga gaban mota ya miƙe ya nufi daji alhali shi yana ta murɗawa.

Taimakon Mai Da Na Lantarki

Neman sauƙi ga hannun direba ya daɗe. A cikin 1926 wani injiniya ɗan Amurka mai suna Francis Davis ya gwada sitiyari mai aiki da matsin mai, amma sai a cikin 1951 kamfanin Chrysler ya fara sayar da shi ga jama'a a motarsa Imperial. Yadda yake aiki shi ne, inji yana juya wani famfo ta hanyar bel, famfon yana matsa mai. A jikin sandar sitiyari akwai wani siririn ƙarfe da yake ɗan murɗewa in direba ya sa ƙarfi, sai ya buɗe wa man ƙofa ya je ya tura tayoyi ta gefen da ake so. Irinsa ne a Golf 3 da sauran tsofaffin motocin haya da suke jigilar mutane a ƙasar Jigawa. Da yake man yana bin ƙarfin hannu ne sau da ƙafa, wani kaso mai yawa na maganar hanya yana isowa ga direba.

Daga baya sai lantarki ya shigo. Kamfanin Suzuki na Japan ya sa shi a ƙaramar motarsa Cervo a cikin 1988, kuma Volkswagen ya sa shi a Golf 5 a cikin 2003. A nan babu famfo, babu tiyo, babu mai. Wata na'ura ce take auna ƙarfin hannun direba, ta sanar da ƙaramar kwamfuta, ita kuma ta umurci wani injin lantarki ya taimaka. Amfaninsa a fili yake. Ba ya jan ƙarfin inji sai lokacin da ake juyawa, saboda haka yana rage shan fetur, ba ya yoyo, kuma ana iya tsara shi ya yi laushi a cikin gari, ya ƙara nauyi in an hau babbar hanya. Illarsa ita ce, injin lantarkin da haƙoran da suka haɗa shi da sitiyari sukan haɗiye ƙananan motsin da suke tasowa daga taya, musamman a ƙirar farko-farko. Hannu ya huta, amma hanya ta rage magana.

Gardamar Masu Motocin Gudu

A kan wannan ne masu motocin gudu suka rabu. Porsche 911 ta ƙasar Jamus, wadda injinta yake baya, gabanta kuma ba shi da nauyi, ta yi fiye da shekara 20 babu wani taimako a sitiyarinta, sai a cikin 1989 aka sa mata na mai. Da aka koma na lantarki a cikin 2011, masu sha'awar motar da 'yan jaridar da suke gwada motoci sun yi ta ƙorafi cewa an toshe mata baki, har kamfanin ya yi ta gyare-gyare a ƙirar da ta biyo baya.

Wasu kamfanoni kuwa sai suka zaɓi rage wa mota nauyi maimakon ƙara mata na'ura. Lotus Elise ta Ingila, wadda ta fito a cikin 1996 da nauyin da bai kai kilo 800 ba, ba ta da taimakon sitiyari ko kaɗan. Haka ma Alfa Romeo 4C ta Italiya da ta fito a cikin 2013. A ɗaya gefen kuma, a cikin 2013 ɗin nan kamfanin Infiniti ya fito da Q50, wadda saƙon lantarki ne yake juya tayoyinta, nauyin da direba yake ji a hannu kuwa kwamfuta ce take ƙirƙira masa.

Abin lura a nan shi ne, duk cikin masu gardamar babu wanda ya ce nauyi shi ne alheri. Sitiyari yana iya yin nauyi amma ya zama kurma, yana kuma iya yin laushi ya riƙa faɗin gaskiya. Abin da ake nema shi ne nauyin ya riƙa sauyawa daidai da yadda taya take riƙe da ƙasa.

Abin Da Ya Shafi Hanyoyinmu

Yanzu a ɗauka direba ya taso daga kasuwar Sara ko ta Babaldu, ya cika bayan mota da buhunan hatsi ko riɗi har but ba ya rufuwa, ya kuma ɗora fasinja. Bayan mota ya zauna, gabanta ya ɗaga. Tayoyin gaba, waɗanda su ne masu juya motar, nauyin da yake danne su ya ragu, riƙonsu ga ƙasa ya yi rauni. A tsohuwar Fijo nan take direba zai ji sitiyari ya yi sakayau, ya san akwai magana. A motar da na'ura ta riga ta lausasa sitiyarinta, saurayin direba yana iya ɗaukar wannan laushi a matsayin lafiyar mota, sai ya ƙara wuta. Haka abin yake in mai faci ya cika wa taya iska fiye da ƙima, ko in aka yi ruwan farko na damina kwalta ta yi santsi.

Akwai kuma wata ɗabi'a mai haɗari wadda tsadar fetur, tun bayan janye tallafi a cikin watan Mayu na 2023, take iya ƙara jan direbobi zuwa gare ta, watau kashe inji a gangara domin a tsimi mai. Da zarar inji ya mutu famfon sitiyari ya tsaya, sitiyarin da ake juyawa da yatsa biyu sai ya koma kamar an ɗaure shi, ya ma fi na tsohuwar Fijo tauri, domin ba a tsara shi don ƙarfin damtse ba. Birki shi ma in an taka shi sau biyu ko uku sai ya yi tauri. In kuwa aka murɗa makulli har ƙarshe, a wasu motocin sitiyarin yana iya kullewa ɗungurungum. Man da aka tsima bai kai kuɗin likkafani ba.

Direban da yake son ya riƙa jin hanyarsa, akwai abubuwan da ya kamata ya kula da su. Idan sitiyari yana kuka in an murɗa shi, ko man famfon yana raguwa, a nemi bakanike ya duba tiyo da bel, kuma a zuba irin man da aka rubuta wa motar, kada a zuba duk wanda aka samu. Idan sitiyari yana wasa, watau ana murɗa shi kaɗan taya ba ta motsa ba, to ƙarafan ƙafar gaba sun ci, kuma saƙon hanya a nan yake zubewa. A motar lantarki, in fitila mai siffar sitiyari ta kama a gaban direba, kada a rufe ta da takarda, a fara da duba batir da na'urar da take yi masa caji. A jikin kowace taya kuma akwai lambobi huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2319, alal misali, tana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a cikin 1988, ta daɗe tana jan kunne a kan tsofaffin tayoyi da lodin da ya wuce ƙa'ida. Daɗin daɗawa, tuƙi da tafin hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya, yana hana direba jin ko da ɗan abin da na'ura ta bari ya iso gare shi.

Ba mai cewa a koma zamanin zufa. Sitiyari mai taimako ya sauƙaƙa tuƙi ga dattawa da mata da masu doguwar tafiya, kuma ba inda za shi. Amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Nauyi ya rataya a wuyan iyayen gida a tashoshinmu da shugabannin ƙungiyar direbobi, su koya wa yaran da suke tasowa bambanci tsakanin laushin da na'ura ta kawo da laushin da yake nufin taya ta saki ƙasa. Wanda ya san wannan bambanci zai rage gudu tun kafin ya shiga kwana, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya sauke fasinjansa a Kiyako lafiya.