Darasin tattalin arziki a matakin A-level: Ina amfaninsa?

A Ingila, ɗalibin da ya kai shekara 16 kuma yake son zuwa jami'a, yakan zaɓi darussa uku ne ya shafe shekaru biyu yana nazarinsu, kafin ya zauna jarrabawar A-level, wadda aka soma yi a shekarar 1951.

Darasin tattalin arziki na daga cikin waɗanda suka ƙara samun karɓuwa, musamman tun bayan rikicin kuɗi da ya girgiza duniya a shekarar 2008.

Me ake koyarwa?

An raba darasin gida biyu. Ɓangare na farko yana duba yadda buƙatar masu saye da yawan kaya a kasuwa ke tsayar da farashi, da kuma dalilan da kan sa gwamnati ta tsoma baki.

Na biyun kuma ya shafi ƙasa baki ɗaya: hauhawar farashi, da rashin aikin yi, da haraji, da yadda Babban Bankin Ingila ke tsayar da kuɗin ruwa.

Tun bayan sauye-sauyen da aka soma a shekarar 2015, ana yin jarrabawar ce a ƙarshen shekaru biyun, kuma aƙalla kashi 20 cikin ɗari na makin ya danganta ne ga iya sarrafa alƙaluma.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai kuma darasin shi kaɗai ba ya buɗe wa ɗalibi ƙofar manyan jami'o'i.

Jami'ar Cambridge da makarantar koyon tattalin arziki ta London, wato LSE, ba su wajabta shi ga mai neman digiri a fannin ba. Abin da suka wajabta shi ne lissafi, domin kuwa karatun tattalin arziki a jami'a ya dogara ne ƙwarai a kan lissafi da ƙididdiga.

Ke nan ɗalibin da ya zaɓi tattalin arziki ya yar da lissafi yana ɗan shekara 16, zai iya tarar da ƙofar a rufe bayan shekaru biyu, komai kyawun sakamakonsa.

Wannan batu ya shafi iyaye a Najeriya, inda wasu makarantu masu zaman kansu ke shirya ɗalibai domin jarrabawar A-level ta Cambridge. Hatta a jarrabawar JAMB ma, wajibi ne mai son karanta tattalin arziki ya zauna lissafi.