GARGAƊI GA IYAYE DA MASU HORAR DA YARA GUDU: A DAINA ƊORA WA MATASA KAYAN MANYA

Iyaye, malaman motsa jiki na makarantu da masu horar da 'yan wasa, a saurara. Gudun yada-ƙanin-wani na ƙara farin jini, musamman tun da aka fara tseren fanfalaki na Legas a 2016, kuma kuɗin da ake ci na jan hankalin yara. Wannan ya sa wasu ke sa ɗan shekara 14 atisayen da aka tsara don ƙato ɗan shekara 25. Hakan na iya nakasa yaro, har ma ya kai shi kushewa.

Ƙashin matashi bai gama ƙosawa ba. A bakin dogayen ƙasusuwa akwai guringuntsi inda tsawo ke ƙaruwa, kuma ba ya rufewa sai an gama balaga, ko da yake na 'yan mata kan riga na maza. Yawan dukan kwalta kullum shi ke kawo kumburin ƙasan gwiwa, ciwon diddige da tsagewar ƙashin ƙwauri. Shi ya sa manyan tseren kilomita 42 na Landan da Boston ba sa karɓar wanda bai kai shekara 18 ba.

A kiyaye waɗannan:

1. A ƙara nisa sannu a hankali, kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako. Sauri ya haifi nawa.

2. Wanda bai kai shekara 15 ba ya tsaya a tseren kilomita 5 ko ƙasa da haka. Kilomita 10 sai daga shekara 15 zuwa sama, bayan watanni na shiri.

3. A ba yaro hutun kwana biyu a mako, kada kuma a jera masa atisaye mai tsanani kwana biyu a jere. Yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10.

4. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Damagaram. A yi gudu bayan sallar asuba ko gab da magariba, a sha ruwa kafin a fara, ana ciki, da kuma bayan an gama. Hana yaro ruwa da sunan koya masa juriya zalunci ne.

5. Mai azumi kada ya yi dogon gudu da rana; ya bari sai bayan buɗe baki. Mai zazzaɓi ya ajiye takalmi har ya warke sarai. Mai asma ya yi hattara da ƙurar hunturu.

6. A gwada jinin yaro kafin ya fara. Mai nau'in jinin AS na iya yanke jiki ya faɗi idan aka tsananta masa gudu cikin zafi da ƙishirwa. Mai sikila kuwa, sai abin da likita ya ce.

7. Kada a rage wa yaro abinci don ya yi sauƙin jiki. Yarinyar da jinin al'adarta ya ɗauke wata uku saboda atisaye, ƙashinta ne ke yin rauni. A kai ta asibiti.

8. Tramadol da sauran ƙwayoyin "ƙara ƙarfi" ɓoye ciwo suke yi har ɓarna ta yi nisa. Hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta Tramadol a gasa tun Janairun 2024.

A tsayar da gudu nan take idan yaro ya fara tangaɗi, sambatu, jiri, amai ko ciwon ƙirji, ko kuma fitsarinsa ya koma kalar shayi. Wanda zafi ya kayar, a ja shi inuwa, a cire masa riga da takalmi, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, sannan a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Haka nan, ciwon da ke wuri ɗaya a ƙashi, mai sa ɗingishi, aikin likita ne.

Iyaye, ku tambayi koci kilomita nawa ɗanku ke gudu a mako, da ƙarfe nawa, da kuma ranar hutunsa. In ya kasa amsawa, ku janye yaronku. Duk wanda wannan saƙo ya iske, ya isar da shi ga makarantu da ƙungiyoyin wasanni na unguwarsa.