Duniyar da Ba Ta da Ƙurunƙus

Dukanmu da tatsuniya muka tashi. A Cheberu, in an ci tuwon dare, kaka takan ce "ga ta nan ga ta nanku", sai mu faɗa duniyar Gizo da Ƙoƙi. Da ta ce "ƙurunƙus", kowa ya san an fito. Wato tatsuniya tana da ƙofar shiga, tana da ta fita. Haka ma littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, na 1969, wanda ya kai wani yaro yawo sararin samaniya. Da mun rufe littafin, mun dawo ƙasa.

Amma akwai labaran ƙagaggen kimiyya da suke tambaya: yaya za a yi idan mutum yana cikin tatsuniya, bai kuwa sani ba?

A fim ɗin The Truman Show na Amurka (1998), tun ranar da aka haifi Truman ake nuna rayuwarsa a talabijin. Garinsu ginin wasa ne, matarsa da amininsa 'yan wasa ne. Ba a ɗaure shi da sarƙa ba. Tsoron ruwa aka dasa masa tun yana yaro, don kada ya ƙetare teku. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya shiga jirgin ruwa, sai jirgin ya ci karo da bango mai fentin sararin sama.

A The Matrix (1999) kuwa, kwamfuta ce take cusa wa mutane mafarki, jikinsu yana kwance. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wani da ya riga ya fito, amma ya ci amanar abokansa don a mayar da shi. Ya san naman da ake ba shi a can na ƙarya ne, duk da haka ya fi son sa da gaskiya mai ɗaci.

Wannan tunani ba sabo ba ne. Kusan shekara 2,400 da suka wuce, Plato na ƙasar Girka ya ba da misalin fursunoni a kogo, waɗanda inuwa kawai suka taɓa gani a bango, har suka ɗauka ita ce duniya.

To, ina ruwanmu? Mu dubi wayar da ke aljihunmu. TikTok da Facebook suna lura da abin da muka daɗe muna kallo, su ƙaro mana irinsa. Bidiyo ba ya ƙarewa sai wani ya fara, babu mai cewa ƙurunƙus. Ɗalibi yakan ɗauki waya da niyyar minti biyar, sai ya ji zakara ya yi cara, ga jarrabawa da safe.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, mu riƙa tambayar kanmu: wa ya zaɓa mini abin da nake gani, kuma me yake samu? Tun da na'ura ba za ta rufe mana tatsuniyar ba, mu ne za mu ce ƙurunƙus da bakinmu, mu ajiye waya, mu ɗauki littafi.