Riruwai: Garin Da Ya San Kuza Tun Kafin Zuwan Turawa

Matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Jos ta Tudun Wada, da zarar ya ratsa dajin Falgore zai fara hango duwatsu. A cikinsu ne garin Riruwai yake, a Ƙaramar Hukumar Doguwa, yankin da ya fi ko'ina tudu a Jihar Kano. A yau noma ne babbar sana'ar mutanen wurin, amma sunan garin ya daɗe a bakin fatake saboda wani abu dabam, wato kuza.

Tun kafin Turawa su shigo ƙasar Hausa, mutanen wannan gari, wanda tsofaffin takardu ke kira Liruwen Kano, suna wanke kuza daga yashin rafuka, su narka ta da gawayi da zugazugi, su fitar da dalma tsantsa. Sukan zuba narkakken ƙarfen a cikin 'yan ramukan da aka huda da tsinken ciyawa, ya daskare ya zama siraran sanduna. Waɗannan sanduna ne fatake ke saye su kai kasuwar Kano da wasu kasuwanni masu nisa, inda maƙeran farfaru ke amfani da su. A ƙarni na 19 wasu masu wannan sana'a suka ƙaura zuwa ƙasar Bauchi, inda garin Liruwen Dalma ya shahara da ita.

Abin lura ga ɗan kasuwa a nan shi ne, abin da ke fita daga waɗannan garuruwa ƙarfe ne da aka riga aka sarrafa, ba ɗanyen yashi ba. Ladan wanki da na gawayi da na narkawa duk a gida suke tsayawa.

Waɗannan sanduna ne kuma suka tona asirin arzikin. Ma'aikatan Kamfanin Neja sun gan su a hannun fatake, suka shiga neman inda suke fitowa. A 1902 aka tura masu bincike, kuma ya zuwa 1904 an kafa sansanin haƙa a Naraguta, kusa da inda birnin Jos yake yanzu. Daga nan kamfanonin Ingila suka yi ta kwararowa, gwamnatin mulkin mallaka tana yanka masu filaye, har da wuraren da masu narkawa na gargajiya suka saba ɗibar kuza. Ba a daɗe ba wutar Liruwen Dalma ta mutu. 'Ya'yan masu sana'a suka koma leburori masu ɗaukar kwano, kuzar kuwa ana loda ta ɗanya a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, a narka ta a Ingila. Sai a farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka kuza ta Makeri a Jos.

Riruwai ta sake samun wata dama bayan mulkin kai. Masana kimiyyar ƙasa sun tabbatar da cewa akwai jijiyar ma'adini mai tsawon kimanin kilomita 5 a cikin dutsen, wadda ke ɗauke da kuza haɗe da tutiya. Wannan ya bambanta ta da yawancin wuraren haƙa na Filato, inda a cikin yashi ake samun kuzar. Bayan kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya a 1972, aka haƙa rami mai zurfi a ƙarƙashin ƙasa, aka kawo injuna, ma'aikata suka taru, kasuwar garin ta bunƙasa. Sai dai aikin bai yi tsawon rai ba, domin a shekarun 1980 ya tsaya. A watan Oktoba na 1985 kuma Majalisar Kuza ta Duniya, wadda ke tallafar farashi ta hanyar saye da ajiya, ta kasa biyan basussukanta. Farashi ya faɗi da kusan rabi, aka dakatar da cinikin kuza a kasuwar ƙarafa ta Landan har zuwa 1989. A wancan lokaci ma hankalin gwamnati ya riga ya koma kan man fetur.

Tun daga nan ƙananan mahaƙa ne suka gaji wurin, da diga da shebur, suna sayar wa dillalai abin da suka samu. Aiki ne mai haɗari, ga ruftawar rami, ga gurɓatar ruwan sha da gonaki, ga shi kuma mai saye ne ke yanke farashi.

Kasuwar duniya kuwa ta juya. Kusan rabin dalmar da ake samarwa a yau tana tafiya ne wajen liƙa sassan kayan lantarki, kamar wayar hannu da kwamfuta, kuma a watan Maris na 2022 farashin tan ɗaya ya kai wajen dala 50,000 kafin ya sauko. Ke nan kuzar Riruwai ba ta rasa mai saye ba. A ganinmu, ribar da ta fi tsoka tana wajen tacewa da narkawa, kuma nan ne ya kamata masu jari na Kano su sa ido, maimakon su tsaya ga dillancin buhunan ɗanyar kuza. Amma duk mai wannan niyya sai ya fara da Abuja, domin Dokar Ma'adinai ta 2007 ta damƙa mallakar ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya. Daga can ake samun lasisi, kuma dokar ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar wurin kafin ya fara aiki.