Yadda Banki Ke Yanke Wa Mutum Iyakar Bashi, Da Darasin Da Ke Ciki Ga Ƙungiyarmu

A wani zaman asusu da muka yi a ƙasar Bukkuyum, bayan an rufe akwati kowa na shirin tashi, wata dattijuwa ta riƙo gefen hijabina ta ce: "Ɗiyata, ɗan ƙanena da ke Abuja ya ce yana da katin da zai sayi kayan miliyoyi ko ba shi da ko sisi a banki. Mu kau mun tai neman dubu 200 an ce mu dawo. Mi munka yi musu?"

Na ce, "Inna, ba ku yi musu komai ba. Ba su san ku ba ne kawai." An sake yi mini irin wannan tambaya a Anka da Gummi, shi ya sa na ga ya dace mu zauna a kanta.

Katin iri biyu ne

Katin da muke kai wa mai POS ya ciro mana kuɗi, kuɗinmu ne a ciki. In asusu ya ƙare, kati ya zama roba. Wanda ɗan ƙanen Inna ke magana a kai shi ne katin bashi. Kuɗin banki ne a cikinsa. Mutum ya kashe, a ƙarshen wata ya biya, in ya makara a ɗora masa ruwa mai nauyi. Banki yakan yanke wa kowa iyakar da ba zai wuce ba: wani dubu 100, wani miliyan 10.

A Amurka, har maki ake ba mutum a kan halin biyansa, daga 300 zuwa 850. Mai babban maki shi ake buɗe wa babbar iyaka. Mu a nan ba katin bashi muke nema ba, jari muke nema. Amma mudun da ake auna mai kati da shi, da shi ake auna mu.

Abubuwa biyar da banki ke dubawa

1. Abin da ke shigowa. Ba abin da kika faɗa da baki ba, abin da aka gani a rubuce. Mai albashi yana samun bashi da sauƙi ne don kowane wata kuɗinsa na bi ta asusu. Mai ƙuli-ƙuli tana iya fin shi samu, amma in cinikinta a bakin zane yake ƙarewa, a wurin banki kamar ba ta samun komai.

2. Bashin da ke kanki. Banki zai cire abin da kike biyan wasu, da na cefane da makaranta, ya ga abin da ya rage. A kan ragowar nan yake yanke iyaka.

3. Halin biya. Wannan ya fi komai nauyi. Tun 2014 Babban Bankin Najeriya ya kawo lambar BVN, wadda ke haɗa duk asusun mutum wuri guda. Akwai kuma kamfanonin da aikinsu ke nan, ajiye tarihin masu bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Kika ci bashi a Gusau kika ƙi biya, bankin Sakkwato zai gani.

4. Daɗewa. Asusun da ya shekara biyu ana zuba masa ko da kaɗan-kaɗan ne ya fi wanda aka buɗe jiya aka jibga masa kuɗi. Mai babbar iyakar nan ma da ƙarama ya fara, ya yi ta biya a kan lokaci, aka yi ta ƙara masa.

5. Madogara. In abu ya ɓaci, me za a kama? Jingina ko mai tsaya miki. Tun 2017 akwai dokar da ta yarda a yi jingina da kayan da ake iya ɗagawa, kamar dabbobi, injin niƙa ko keken ɗinki, ba sai fili ko gida ba. A bashin ƙungiya kuwa, mu ne madogarar juna.

Akwai na shida da ba laifinmu ba. Banki yana duba yanki. Inda rashin tsaro ya hana noma, ya raba mutane da garuruwansu, yakan rage abin da zai bayar. Wannan ba ya hannunmu. Shi ya sa biyar ɗin da ke hannunmu dole mu riƙe su da kyau.

Mu ma haka muke yi

Wannan tsari na akwati mai kwaɗo uku ba daga Turai ya zo ba. A yankin Maraɗi aka fara shi a 1991, ƙungiyar CARE tare da matan karkara, da sunan Mata Masu Dubara. Daga nan ya bazu ƙasashe da yawa. Ku tuna dokarmu: ba a ba mace fiye da ninki uku na abin da ta tara. Wadda ta tara naira 10,000, iyakarta 30,000. Kuma kafin a ba ta, mukan tambaya: me za ki yi da shi? Kin biya na baya? To ai abin da banki ke yi ke nan. Bambancin kawai, mu mun san juna ido da ido, shi kuwa takarda ya sani.

Saboda haka littafin magatakarda da ƙananan littattafanmu masu hatimi su ne shaidarmu. Ƙungiyar da ta yi zagaye biyu ko uku ta raba kuɗi lafiya, tana da abin nunawa.

Iyakar banki ba iyakarki ba ce

Nan ne nake so mu natsu. Don an ce za a iya ba ki dubu 150, ba shi ne kina iya biya ba. Ga misali. Mai gumin shinkafa tana samun ribar naira 6,000 a mako, wato 24,000 a wata. Gida na cin 15,000, saura 9,000. In biyan bashi zai ci 14,000 a wata, daga ina cikon zai fito? Daga uwar kuɗi, ko daga tunkiyar da ake kiwo don Layya. Kowa ya daka ta wani, ya rasa turmin daka tasa. Ni shawarar da nake bayarwa, kada biyan wata ya cinye duk ragowar nan, a bar wani abu saboda rashin lafiya ko ranar da hanyar kasuwa ta ƙi biyuwa.

Kuma bashin gwamnati ma bashi ne. Da yawa sun karɓi bashin korona na 2020 suna zaton kyauta ce. A shekarar ne Babban Banki ya fara tsarin da ya ba banki damar cire kuɗinsa daga kowane asusu da ke ɗauke da BVN ɗin wanda ya ƙi biya. Don haka kada ki ba kowa BVN ko NIN ɗinki ya ci bashi da sunanki, ko ɗan ɗakinku ne. Kada kuma ki ba wani kuɗin "fom" a kan alkawarin zai samo miki bashi.

Ga masu gudun riba, akwai bankunan da ba sa harka da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012. Su sukan sayi kayan, su sayar miki da ribar da aka sani tun farko. Amma su ma da wannan mudun suke awo.

Abin da za mu yi daga yau

A rubuta kowane zubi da kowane biya a ranar, a gaban kowa. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum uku su sa hannu. A riƙa bi da wani ɓangare na ciniki ta cikinsa. In za a ci bashi, a fara da kaɗan, a biya kafin ranar. Kafin dangwala yatsa, a sa mai karatu ya faɗa mana jimillar abin da za mu mayar, ba na wata ɗaya ba.

Tambayoyin tattaunawa a zama na gaba

Nawa ke rage mini a wata bayan hidimar gida? In ɗaya daga cikinmu ta kasa biya, ya za mu yi? Yau in aka ce mu kawo littafinmu, zai wanke mu ko zai kunyata mu?