Me ya sa mitar kati ke ƙin karɓar lambobin da ka saya?

Duk wanda ya sayi katin wuta, ya danna lambobi 20, mita ta ƙi karɓa, yakan ɗauka an cuce shi. Sau da yawa matsalar hayaniya ce a cikin wayar lantarkin kanta.

Yawancin mitocin da ake kafawa yanzu kashi biyu ne: mitar na kan falwaya, madannin kuma na cikin gida. A nau'in da ake jona madanninsa a soket, saƙo na bin wayar wutar ne, babu wata waya ta daban. Wutar Najeriya na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi kuwa saƙon ana ɗora shi a kan siginar da ke kaɗawa sau dubbai. Siginar ba ta da ƙarfi, don haka abu kaɗan ke danne ta.

Injin niƙa da na walda, inbata, caja mai arha da haɗin waya mai sako-sako duk suna watsa tartsatsin da ke gurɓata saƙon. A karkara, kamar Jajaye da ƙauyukan Ƙaraye da Rogo da ke ƙarƙashin KEDCO, nisan layi na ƙara raunana shi.

Injiniyoyi na da magunguna uku. Tsare-tsare irin su G3-PLC da PRIME na rarraba saƙo a kan ƙananan hanyoyi masu yawa, ta yadda in hayaniya ta toshe wasu, sauran za su isar. Ana kuma haɗa saƙon da ƙarin lambobi da ke gyara kuskure, sannan a sanya matata a bakin na'urorin da ke tayar da hayaniyar.

A gida kuwa, jona madannin kai tsaye a soket na bango, ka mayar da layi kan wutar kamfani maimakon janareta, ka kashe inbata da manyan na'urori, sannan ka sake gwadawa.

Batun ya wuce na fasaha. An sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamban 2013, gwamnatin tarayya kuma ta ƙaddamar da shirin raba mitoci a 2020 domin kawar da kuɗin wuta na ƙiyasi. Amma mitar da ba ta jin mai ita ba za ta kare aljihunsa ba. Saboda haka, bayan tambayar mitoci nawa aka raba, ya kamata matasa su tambayi kamfani da hukumar NERC: yaushe za a gyara wayoyin da mitocin suka dogara da su?