Daga Duruma wutarmu take zuwa

A unguwar Nasiriya da nake zaune a Riyad, zafin watan Yuli yakan kai digiri 45, kuma AC ba ya hutawa dare da rana. Baƙon da ya zo daga gida yakan fara da neman inda janareta yake. Da ya ji babu, sai ya ce ai ƙasar mai ce. To, Najeriya ma ƙasar mai ce.

Wani kaso na wutar da muke sha yana fitowa ne daga Duruma, yamma da birnin, inda aka gina tashar PP11. A 2013 aka kammala ta, tana iya ba da megawat 1,729, da iskar gas take aiki. Ana ƙona gas ya juya injin farko, zafin hayaƙin da ya fita kuma a dafa ruwa da shi, tururin ya juya wani injin. Gas ɗaya, aiki biyu. Ku kwatanta da Egbin ta Legas, babbar tasharmu, mai megawat 1,320, wadda sau da yawa ba ta kaiwa hakan saboda ƙarancin gas.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne Riyad ba ta bakin teku, kamar Kano. Rijiyoyin gas suna can gabas, ɗaruruwan kilomita daga nan. Bututu ne ya haɗa su, wanda Aramco ta fara shimfiɗawa tun shekarun 1970 don a daina ƙone gas a banza. Duk da haka ba su gama ba: har yanzu ana ƙona ɗanyen mai a wasu tashoshin lokacin zafi, kuma gwamnati na son nan da 2030 gas ya ba da kusan rabin wutar ƙasar.

Namu bututun shi ne AKK, kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a Yunin 2020, an kuma sha ɗage ranar kammalawa. A ganina ko ya iso, da sauran rina a kaba. Kamfanonin samar da wuta suna bin gwamnati bashin tiriliyoyin naira, su kuma masu sayar musu da gas suna bin su. Mai gas da ba a biya ba rufe famfo yake yi, masana'antun Sharaɗa da Bompai kuma su koma sayen dizal.